Asalin Rediyon Nijar Da Ake Ji A Ƙasar Daura

Wanda ya taɓa kwana a Mai'aduwa ko Zango ko Ɓaure, ya murɗa akwatin rediyo da sassafe, ba zai rasa cin karo da wata murya tana zuba Faransanci kamar ana ɓarin gero a faranti ba. In ya yi haƙuri kaɗan, sai ya ji an juya zuwa Hausa, amma Hausar da ke ce wa makaranta lakwal, malaminta mushe, kuɗi kuwa sefa. Wannan ita ce Muryar Sahel, gidan rediyon gwamnatin Nijar. To, ga asalinta, da dalilin da ya sa take shigowa ƙasar Daura ba tare da ta tsaya a shingen Kwangwalam ba.

Tun kafin zuwan Turawa, Daura da Damagaram a cuɗe suke. Bayan jihadi, da sarautar Haɓe ta bar birnin Daura, zuriyarta ta zauna a Zango da Ɓaure, suna hulɗa da sarakunan Damagaram, wani lokaci da daɗi, wani lokaci da takobi. Da Ingilishi da Faransawa suka zo, sai suka zauna a teburi suka raba ƙasar. Tsakanin 1906 da 1908 ma'aikatansu suka bi daji suna kafa alamun iyaka. Daura ta faɗo hannun Ingilishi, Magarya da Matamaye da Kance suka faɗa hannun Faransawa. Aka wayi gari wa yana biyan haraji da sule, ƙane yana biya da tamma.

Faransawa suka ajiye hedikwatarsu a Damagaram, wadda suke kira Zinder, sai a 1926 suka mayar da ita Yamai. Shekaru da yawa ba su damu da kafa wa talakawa rediyo ba. In kwamandan yana da magana, sai ya gaya wa tafinta, tafinta ya gaya wa sarki, sarki ya sa sanƙira ya yi shela ranar kasuwa.

Abin da ya sauya wannan shi ne guguwar neman 'yanci. A tsakiyar shekarun 1950 gwamnatin Faransa ta ga mutanen da take mulka sun fara kasa kunne ga tashoshin waje, musamman ta Alƙahira. Ga shi kuma a 1957 BBC ta buɗe sashen Hausa, Hausa kuwa ita ce bakin fiye da rabin mutanen Nijar. Kafin haka ma Faransa ta riga ta kafa wata hukuma mai suna SORAFOM, ta ɗora wani injiniya, Pierre Schaeffer, a kanta. Aikinta shi ne gina ƙananan tashoshi a ƙasashen da Faransa ke mulka, da ɗaukar samarin Afirka zuwa wata makaranta kusa da Faris su koyi aikin. Ta wannan hanya aka buɗe Rediyon Nijar a Yamai a 1958, shekarar da aka yi ƙuri'ar nan ta "i" ko "a'a" kan ci gaba da zama da Faransa, wadda ta yi sanadin faɗuwar gwamnatin Nijar ta Jibo Bakari.

Da fari Faransanci ne uban gida a tashar. Amma mai yi wa kurma kiɗa shi ke shan wahala, don waɗanda suka je lakwal a lokacin ba su taka kara sun karya ba. Dole aka ba Hausa da Zabarmanci wuri, sauran harsuna irin su Barbarci da Fulatanci da Buzanci suka samu nasu rabo. Bayan samun mulkin kai ran 3 ga Agusta 1960, gwamnatin Diori Hamani ta ƙarfafa ƙungiyoyin sauraron rediyo a ƙauyuka. Sai a tara mutane da dare a gindin akwati ɗaya, su ji shiri kan irin gyaɗa ko rigakafin dabbobi, su yi muhawara, malamin lakwal ya ɗauki maganarsu a na'ura ya aika Yamai a sa wa duniya. Manomi ya ji muryarsa ta fito daga akwati, ai daga ranar rediyo ta zama tasa.

A 1967 aka kafa hukumar ORTN ta riƙe gidan. A watan Afrilun 1974 kuma, ana tsakiyar fari da yunwa, soja suka kifar da Diori, Seyni Kountché ya hau. A shekarar ce aka sauya wa tashar suna zuwa La Voix du Sahel, wato Muryar Sahel. Daga baya aka buɗe mata rassa a manyan biranen jihohi, har da Damagaram da Maraɗi, kowane reshe yana karɓo labarai daga Yamai, sannan ya yi shirye-shiryen kansa da harshen mutanen wurin.

Yanzu saura yadda muryar ke isowa Daura. Hanyoyi uku ne. Gajeren zango yakan tashi sama ya bugi wani rufi na iska can nesa, ya dawo ƙasa a wuri mai nisa. Da shi aka riƙa kamo Yamai a da a kan mita 31, ko da yake yakan yi ta tafiya yana dawowa kamar numfashin mai barci. Matsakaicin zango yana bin doron ƙasa da rana, da dare kuwa ya ƙara nisa. FM shi ya fi tsabtar murya, amma bai cika wuce inda dogon ƙarfen tashar ke hange ba. Ƙasar da ke tsakanin Daura da Damagaram shimfiɗaɗɗiya ce, ba wasu manyan duwatsu da za su tare. Ban da haka, Damagaram ta fi Kaduna kusa da Daura nesa ba kusa ba, ga shi kuma sai a 1962 Rediyon Kaduna ta fara aiki.

In kana son ganin amfanin abin, je teburin mai shayi a bakin iyaka lokacin kokawar ƙasa ta Nijar, wadda aka soma a Tawa a 1975, ake ba gwarzonta takobi. Akwati na rataye a ƙusa, an ɗaure murfin batir da roba, an ƙara wa eriya tsawo da wayar keke. Mai sharhi na Faransanci zai yi ta ɓaɓatu, ba mai ko ɗaga kai. Da na Hausa ya karɓa, sai kofuna su tsaya a hannu.

"Malam Mai shayi, ɗan ƙara mana murya, ɗan Damagaram ne a fili!"

"To, Baba, bari in juya ta arewa, ta fi kamawa."

Da an ce ya kayar, sai ihu ya tashi, kai ka ce ɗan unguwarsu ne. Sau da yawa ma ɗan'uwan wani ne a wurin, ta wajen uwa ko ta wajen aure.

Ba kokawa kaɗai ba. Ɗan kasuwar da zai ci kasuwar Mai'aduwa ran Lahadi yana son jin halin da dabbobi ke ciki a arewa. Tsohuwar da 'yarta ke aure a Magarya tana jiran sanarwar rasuwa da gaisuwa. In watan azumi ya ƙarato, akan saurari Sakkwato, a kuma leƙa a ji ko Yamai ta ga wata.

Yau tashar ba ita kaɗai ba ce a fili. Tun shekarun 1990 Nijar ta ba 'yan kasuwa izinin buɗe tashoshi, irin su Anfani, Faransa kanta ta buɗe sashen Hausa na RFI a 2007, samari kuma sun koma kan waya. Duk da haka, a ƙauyukan iyaka akwai dattawan da ba su san kalma goma ta Faransanci ba, amma da sun ji an ce "ici Niamey", sun san a gyara zama, Hausa na tafe.