Sarauta, Yawan Jama'a da Harshe a Ƙasar Abuja: Waiwaye Daga Idu

Matafiyin da ya sauka daga jirgin ƙasa a tashar Idu, wadda ta fara aiki tsakaninta da Rigasa ta Kaduna a 2016, zai ji Ingilishi da Buroka da Hausa kafin kunnensa ya tsinkayi Gbagyi, alhali kuwa Gbagyi da Koro da Gade su ne tsofaffin mazauna wannan yanki. Tarihin yadda aka kai ga haka ya saɓa wa ra'ayin nan da ke cewa kullum harshen mai mulki ne ke haɗiye na talakawansa.

A farkon ƙarni na 19 masu jihadi, a ƙarƙashin Malam Musa, suka kori Sarkin Zazzau Muhammadu Makau, ya yi kudu zuwa Zuba. Fulanin da suka gaji gadonsa sun sami iko, amma ba su sami rinjayen harshe ba. Auratayya da zama cikin ɗimbin Hausawa suka sa Fulatanci ya dushe a fadar Zariya, kamar yadda ya faru a Kano da Katsina.

A kudu kuwa sai al'amarin ya juya. Ƙanen Makau, wato Abu Ja, ya kafa garin Abuja a 1828. Shi da jama'arsa 'yan ƙalilan ne a tsakiyar Gbagyi, amma ba su zama Gbagyi ba. Dalili kuwa shi ne sun iso da fada cikakkiya, da sarautu da malamai da fatake, ga kuma miliyoyin masu jin Hausa a bayansu daga arewa. Ke nan ba a cikin ganuwar gari ake ƙirga yawan masu harshe ba, sai a duk inda ayarinsu ke kaiwa. Bagwarin da ke neman shari'a ko cinikin doya, dole ya koyi Hausa. Bahaushen fada kuwa bai ga abin da zai ƙaru da shi a harshen Gbagyi ba. Har kalmar "gwaranci", da ake nufin gurɓatacciyar magana da ita, tabo ce da wannan rashin daidaito ya bari, kuma ba abin alfahari ba ne. Turawan mulkin mallaka suka ƙara ɗaure wa Hausa gindi da suka mai da ita harshen En'e.

Gwandara su ne ma'aunin wannan hujja. Tarihin baka ya ce daga Kano suka fito don gudun karɓar Musulunci. Da yake sun yanke hulɗa da fada da malamanta, sai maganarsu ta yi nisa da Hausa har ta zama harshe mai zaman kansa, duk da cewa shi ne mafi kusanci da ita.

Doka ta 6 ta 1976, a zamanin Janar Murtala Muhammad, ta yanke Babban Birnin Tarayya, tsohuwar Abuja ta koma Suleja, gwamnati kuma ta tare a ranar 12 ga Disamba, 1991. Wannan karon iko da yawa suka zo wa Gbagyi tare. Aka tashi mutanen Wuse zuwa Sabon Wuse a Jihar Neja, aka ware filayen Idu domin masana'antu, ma'aikata daga kowace kusurwa ta Nijeriya suka cika ƙauyukan da ke kewaye. Ita kanta Hausa ta sauka daga matsayin harshen hukuma a yankin, ta riƙe kasuwa da tasha da masallaci, Ingilishi ya karɓe ofis da makaranta.