Katsina da Tarihin Haruffan Hausa

Duk mai son rubuta Hausa sai ya ci karo da sautukan da babu su a Larabci, babu su a Turanci, irin su ɓ da 'y. Sau biyu a tarihi aka nema wa sautukan Hausa haruffa, kuma duka biyun sunan Katsina ya fito.

Na farko shi ne ajami. A ƙarni na 17, zamanin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, Katsina matattarar malamai ce, har ana jingina wa waliyyan nan wasu daga cikin tsofaffin rubuce-rubucen Hausa. Malaman ajami sun yi dabara da abin da ke hannunsu. Suka ba ƙ harafin ƙaf, suka ba ɗ harafin ɗa, suka ɗora wa ɗa ɗigo uku ya zama ts. Wasalin e kuwa, daga imalar ƙira'ar Warshu suka aro shi, ɗigo guda a ƙarƙashin harafi.

Sai boko. A 1912 Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da haruffan Turawa, amma sautukan nan suka ci gaba da ba da wahala. Wasu na sa ɗigo a ƙasa, ƙamusun Bargery na 1934 kuma ya yi amfani da waƙafi a sama. In an manta alamar, ƙafa ta koma kafa, baƙi ya koma baki. A shekarun 1930 ne Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta rungumi haruffa masu lanƙwasa.

Masu alƙalamin da suka raya wannan rubutu da yawansu Katsina ce ta rene su. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, nan Bello Kagara mai Ganɗoki ya koyar, nan Abubakar Imam ya yi karatu. Yana malami a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja, daga baya ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939.

Sai dai an gina daidaitacciyar Hausa bisa Kananci, shi ya sa Bakatsine ke cewa "mi" amma ya rubuta "me". Ba a kuma nuna tsawon wasali ko karin sauti, don haka garin Katsina da garin tuwo rubutunsu ɗaya. Har yau Najeriya na rubuta 'y, Nijar na rubuta ƴ.