Yadda Akwatin Talabijin Ya Isa Tcholliré: Daga Eriya Zuwa Kwando

A shekarar 2025 talabijin ta cika shekara 40 a Kamaru, amma har yau mutumin Tcholliré, hedikwatar yankin Mayo-Rey, idan ya shiga kasuwar Garwa neman akwati mai sauƙin kuɗi, yakan rasa ta cewa sa'ad da mai shago ya nuna masa haruffan TNT ko DVB-T2 a jikin kwali, ya ce saboda su farashin ya ɗaga. Wasu na ɗora wannan ruɗani a kan talauci, wasu a kan rashin sani, alhali asalinsa yana cikin hanyar da hoto ya bi kafin ya shigo gidajen arewacin Kamaru.

Rediyo ta riga talabijin nesa ba kusa ba, domin gidan rediyon Garwa yana magana da Fulatanci da Hausa tun zamanin Shugaba Ahmadu Ahijo, ɗan garin, wanda ya sauka daga mulki a 1982 ƙasar ba ta da tashar talabijin ko ɗaya, ko da yake Ibadan ta samu tata tun 1959, Kaduna kuma a 1962. Sai a watan Maris na 1985 aka watsa hotunan farko daga taron jam'iyya mai mulki a Bamenda, sannan a 1987 aka haɗa rediyo da talabijin ƙarƙashin CRTV. Abin da ba a cika kula da shi ba shi ne tsarin launin da aka zaɓa. Nijar da Cadi sun bi SECAM na Faransa, Kamaru kuwa ta ɗauki PAL na Jamus, wanda Nijeriya ke amfani da shi, saboda haka akwati da na'urar bidiyo da aka ɗauko daga Kano ta Yola ko Mubi suna aiki a Garwa ba tare da an kai su wajen mai gyara ba. Da wutar madatsar Lagdo da aka kammala a 1982 a kan kogin Binuwai, da kaset ɗin finafinan Indiya, da na Kano bayan 1990, akwatin ya zama abin kallon abin da aka saka masa, tashar gwamnati ta kamu ko ba ta kamu ba. Da kwandon tauraron ɗan'adam ya yi araha, musamman bayan buɗe Arewa24 a 2014, sai wannan al'ada ta ƙara kafuwa.

A nan ne shirin dijital ya tarar da jama'a. Yarjejeniyar Janiba ta 2006 ta sanya 17 ga Yuni 2015 a matsayin wa'adin barin tsohon tsarin analog, wanda ke aika hoto a matsayin igiyar da ke dusashewa sannu a hankali, zuwa dijital, wanda ke aika shi a lambobi, ko dai ya fito tar ko ya kakkarye ya ɗauke. Kamaru ta fara TNT, wato dijital da ake kamawa da eriya daga turken watsa shirye-shirye na ƙasa, a Yawunde da Duwala a 2015, yaɗuwarsa zuwa ƙananan garuruwa kuma ta yi jinkiri ƙwarai. Masu cewa jinkirin gwamnati ne kaɗai matsalar suna da hujja, sai dai sun manta cewa gari irin Tcholliré, wanda ke can gabas da babbar hanyar Garwa zuwa Ngawundare, ya riga ya saba karɓar hotonsa daga sama.

Abin da ake ciniki a kansa shi ne na'urar kama tasha da ke cikin akwatin. DVB-T2 ta eriya ce, ita ce ta gaji DVB-T, kuma tsohuwar ba ta iya karanta sabuwar. Wannan ne ya sa akwatunan gwanjo na Turai ke yaudarar mai saye, domin Faransa ta daɗe a kan DVB-T, kuma tambarin TNT a jikin akwatin da ya fito daga can bai tabbatar da cewa zai kama na Kamaru ba. DVB-S2 kuwa ta kwando ce, kuma ga mai zama nesa da turke ita ce ta cancanci ƙarin kuɗi. Wanda ke da dikoda ma ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikinsu, abin da zai duba shi ne kafar HDMI, da ta USB inda ake soka filas ɗin finafinai da aka tura a shago.

Batun wuta ya fi waɗannan duka nauyi, tunda ruwan Lagdo kan ja baya a yi ta ɗauke wuta a arewa baki ɗaya. Akwatin LED mai inci 32 da ke karɓar bolt 12 kai tsaye daga batirin sola ya fi babban akwati mai intanet amfani a irin wannan gida, kuma abin takaici ne ganin magidanci ya zuba kuɗinsa a kan manhajojin da kuɗin data ba zai bari ya buɗe ba. Saitin hoto ma a nan ya shafi aljihu. Kamfanoni kan fitar da akwati da hasken bayan gilashi a ƙure domin ya ja ido a shago, kuma rage shi zuwa wajen rabi a ɗaki da dare yana tsawaita batir, yana hutar da ido. Ƙara kaifin hoto ba ya gyara fim ɗin da aka matse domin ya shiga waya, sai dai ya fito da ɗigo-ɗigo a gefen fuskoki. Tsofaffin finafinan Kano kuwa an ɗauke su ne a ma'aunin 4:3, don haka idan aka baje su a gilashin 16:9 'yan wasan kan fito gajeru masu faɗi, har sai an shiga saiti da rimot an mayar da ma'aunin yadda yake, an bar baƙin layi a gefe biyu.