Aikin Lifta a Arewa, Daga Bakin Mai Gyara

Duk yaron da ya zo koyon aikin lifta, labarin farko da maigidansa kan ba shi shi ne na Elisha Otis. A 1854, a wani baje koli a birnin New York na Amurka, mutumin nan ya hau wani dandamali da aka ja sama, ya sa aka sare igiyar da ke riƙe da shi a gaban jama'a. Dandamalin ya ɗan zame, sai ya cije, domin birkin da ya ƙera ya kama ƙarfen da ke gefe. A 1857 aka sa lifta ta farko mai ɗaukar mutane a wani kanti a birnin, a 1880 kuma Werner von Siemens ya nuna mai aiki da lantarki a Jamus. Ana ba yaro labarin ne don ya san tun ranar farko cewa a kan birki aka gina sana'ar nan. Kowane inji zai iya hawa da sauka. Abin da ake biyanmu a kansa shi ne ta tsaya cak ranar da wani abu ya lalace.

A Najeriya lifta ta biyo dogayen benaye ne. Cocoa House na Ibadan, mai hawa 26, an gama shi a 1965. A Arewa kuwa, manyanmu sun goge ne a gine-gine irin su otal ɗin Hamdala da Gidan Turaki Ali a Kaduna, da benen Bankin Arewa a Kano, da ginin Sanet na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Garinmu Maiduguri kuwa gari ne shimfiɗaɗɗe, fili ya wadata, mutane ba su ga dalilin yin sama ba. Ko bayan da ta zama hedikwatar Jihar Arewa maso Gabas a 1967, aka kafa jami'a a 1975, aka buɗe asibitin koyarwa a 1983, benayen da ke buƙatar lifta ba su da yawa: asibiti, otal, sai wasu ofisoshin gwamnati. Wannan ƙarancin ya zame mana matsala ta daban. Kamfani ba zai ajiye ƙwararre a garin da injinan ba su isa su biya albashinsa ba, don haka sai a jira mai gyara daga Kano, tafiyar kusan kilomita 600, ko a jira kayan gyara daga Legas.

Na tarar da ƙarshen zamanin tsofaffin injinan, masu allon rile da ke ƙas-ƙas-ƙas a ɗakin inji can saman bene. Maigidana da kunne yake fara aiki. Zai tsaya, ya ce a kira lifta daga ƙasa zuwa sama, ya saurara, sannan ya nuna da yatsa: "Ɗana, duba wannan, bakinsa ya ƙone." A lokacin kwangilar sabis ta wata-wata ce, kuma akwai littafi a rataye a ɗakin inji. Wanda ya zo ya rubuta kwanan wata, da abin da ya gani, da abin da ya canja, ya sa hannu. Idan ka buɗe littafin, ka karanta rayuwar injin tun daga ranar da aka kafa shi.

Abin ya fara sukurkucewa ne bayan 1986, da gwamnatin Janar Babangida ta kawo tsarin tsuke bakin aljihu na SAP, darajar naira ta faɗi, kayan gyara suka yi tsada. Kuɗin sabis shi ne farkon abin da ake yankewa a kasafin ofis, saboda lifta ba ta mutuwa ranar da aka daina kula da ita. Takan yi shekara tana lallaɓawa. Inda akwai guda biyu kafaɗa da kafaɗa, sai a kashe ɗaya a riƙa cire kayanta ana sa wa ɗayar. Daga nan muguwar ɗabi'ar da ta fi kowace haɗari ta shigo, wato jona waya. Kowace ƙofa a kowane hawa tana da makulli mai ɗan makunni, kuma duk an jera su a layin wuta guda, ta yadda in ƙofa ɗaya ba ta kulle ba, lifta ba za ta motsa ba. Idan makunni ɗaya ya lalace, shugaban ofis yana faɗa, kuɗin sabo babu, sai makaniki ya ɗauki guntuwar waya ya tsallake shi. Lifta ta tashi, kowa ya yi murna, alhali yanzu tana iya tafiya da ƙofa a buɗe, da ƙafar mutum a bakinta. Duk wanda ya bar irin wannan waya ya tafi gida, a ganina bai cancanci a sake ba shi makullin ɗakin inji ba.

Ba doka ce babu ba. Tun zamanin Turawa akwai dokar masana'antu, kuma wadda aka yi a 1987, da ke aiki har yau, ta ce a binciki lifta ta wurin aiki bincike na ƙwarai aƙalla sau ɗaya cikin kowane wata shida, a hannun wanda hukuma ta amince da shi, a rubuta rahoto. A 2018 Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ta ƙara fitar da ƙa'idoji kan na'urorin ɗaga kaya da mutane. Hikimar ita ce mai sabis daban, mai bincike daban. Ni da nake shafa giris kowane wata idona ya saba da injin, kuma mai ginin ne ke biyana. Ana buƙatar baƙon ido wanda ba ya jin nauyin kowa.

Bincike na gaskiya ba leƙe ba ne. Mai binciken zai hau kan rufin akwatin lifta, a tafi da shi a hankali, yana bin igiyoyin ƙarfe da tsumma a hannu. Inda tsumman ya maƙale, sili ya tsinke. Inda ya ga jan gari kamar barkono a tsakanin murɗin, igiyar tana cin kanta daga ciki. Zai auna kaurinta, ya duba ramin da ta ci a jikin gargaren inji. Zai gwada gwamna, wato na'urar da ke lura da gudu, wadda in akwatin ya zarce gudunsa da kashi 15 cikin ɗari ko fiye take fizgo birkin da ke kama dogo. Zai gwada makullin kowace ƙofa, da ƙararrawa, da fitilar ko-ta-kwana. Sannan ya sauka gindin rijiyar lifta, inda a garinmu za ka tarar da ƙurar hunturu ta haɗu da mai ta zama taɓo, ga leda, ga ɓawon gyaɗa.

Injinan yanzu na kwamfuta ne, yawancinsu daga Sin ko Turkiyya, wasu ma ba su da ɗakin inji. Sun fi laushin tafiya da tattalin wuta, amma ba su jure wasan lantarki. Mun ga haka sosai daga Janairun 2021, lokacin da 'yan tada ƙayar baya suka tarwatsa turakun wutar da ke zuwa daga Damaturu, Maiduguri ta koma kan janareta, tun kafin a buɗe tashar iskar gas mai megawat 50 a 2023. Kowane sauyi daga janareta zuwa wani duka ne a kan allon kwamfutar. Akwai na'ura mai batir da ke kai akwatin hawa mafi kusa ta buɗe ƙofa in wuta ta ɗauke, amma zafin Afrilu yana cinye batir, kuma ba wanda ke tunawa da shi sai mutane sun maƙale. A nan ne maigadi mai kyakkyawar niyya kan ɓalle ƙofa da ƙarfe ya jawo mutum ta rata, rijiya na buɗe a ƙarƙashinsa. Koya wa masu gadi su kashe wuta, su kwantar wa na ciki hankali, su kira mu, yana cikin sabis ɗin da nake yi, ko ba a rubuta shi a kwangila ba.

A ranar 1 ga Agustan 2023 lifta ta faɗo da wata matashiyar likita a gidan kwanan likitoci na Babban Asibitin Odan da ke Legas, ta rasu. Abokan aikinta sun ce sun daɗe suna kuka da wannan lifta. Gwamnatin jihar ta kori kamfanin da ke kula da ginin, ta dakatar da shugaban hukumar da ke sa ido. Duk makanikin da na sani ya yi shiru a makon nan, domin kowa ya san wata lifta da ake kuka da ita.

Sai ambaliyar Satumban 2024 a nan Maiduguri, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle. Mu mutanen Galtimari, da na Fori da Gwange, muna cikin waɗanda ruwan ya fara ci, ya kuma shiga har asibitin koyarwa ya lalata na'urori. Gindin rijiyar lifta shi ne wuri mafi zurfi a kowane bene, can ruwa ke fara taruwa, can yake ƙarewa. A can kuwa akwai na'urar da ke tare akwati, da gargaren igiyar gwamna, da makunnan iyaka. Injin da ya sha irin wannan ruwa yana iya tashi in ya bushe, tsatsa kuma tana aikinta a ɓoye, don haka sai an kwance, an canja, an gwada da nauyi kafin a sa mutum. Ga shi wa'adin shekara biyar da dokar masu buƙata ta musamman ta 2018 ta ba gine-ginen jama'a su gyara hanyoyin shiga ya cika a Janairun 2024, kuma sababbin benaye suna tashi a garin. Duk mai sayen lifta yanzu, ya sa kuɗin sabis da na bincike a takardar da ya sa kuɗin injin, ya kuma tambayi mai sayarwa wane ne zai zo Maiduguri in ta tsaya, cikin awa nawa.