Giyar otomatik a tsohuwar mota: me ke sa ta fisga, kuma ta ina ake fara gyara

A ƙauyukan da ke tsakanin Bichi, Ɗambatta, Makoɗa da Minjibir, mota ɗaya takan zama jarin gida guda. Ita ke kai hatsi kasuwar Dawanau, ita ke ɗauko taki, ita kuma ake tayarwa da tsakar dare idan naƙuda ta kama mace. Mafi yawan motocin nan gwanjo ne da suka gama wani zamani a Amurka ko Turai, kuma da yawansu, musamman Toyota da Honda, giyar otomatik gare su. Tun da gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairun 2017, sannan aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi bayan sauya tsarin canji a watan Yunin shekarar, sake mota ya fi ƙarfin mai ƙaramin hali. Abin da ya rage masa shi ne lallaɓa ta hannunsa. Idan giya ta fara jinkiri ko fisga, ba kullum ake buƙatar sabon giyabos ba, domin sau da yawa matsalar na farawa ne daga mai da zafi.

Yadda take aiki

Kamfanin General Motors ne ya fara fitar da giyar otomatik a kasuwa da yawa, a motocin Oldsmobile samfurin 1940. Tushen aikinta yana nan har yau: mai ne ke yin abin da hannu da ƙafar direba ke yi a motar manuwal. Wani famfo yana tura man da ƙarfi ta cikin siraran hanyoyi, man ya matse faifan kuloci da ke cikin giyabos, giya ta canza. A motocin da aka ƙera daga shekarun 1990 zuwa yau, kwamfutar mota ce ke yanke lokacin canjin. Tana duba gudun mota da yadda aka taka totur, sai ta umarci ƙananan bawul masu aiki da lantarki, waɗanda ake kira solenoyid, su buɗe ko su rufe hanyar man.

Man giya ke nan aiki uku yake yi: yana isar da ƙarfi, yana hana gogayya, yana kuma kwashe zafi. Da zarar ya ragu, ko ya ƙone, ko aka zuba wanda ba nasa ba, canjin giya ne zai fara nunawa.

Abin da ke gajiyar da ita a karkarar Kano

Man giya ya fi daɗewa idan zafinsa na tsayawa wajen digiri 80 zuwa 90 a ma'aunin Salshiyas. A watannin Afrilu da Mayu zafin gari kansa kan haura digiri 40 a Kano. Idan aka haɗa da lodin buhuna da fasinja fiye da ƙima, da tafiyar sannu a kan burji ko cikin yashi, man na ƙonewa da wuri. Ƙurar hunturu tana toshe fuskar lagireto. Da damina kuwa, direban da motarsa ta kafe a laka yakan riƙa jefa giya gaba da ribas yana taka wuta, kuma 'yan mintuna na hakan sun isa su cinye faifan kuloci.

Akwai kuma wata ɓarna a ɓoye. A yawancin motocin nan man giya yana bi ta wani bututu a cikin lagireto don ya huce. Zuba ruwan rijiya zalla a lagireto yana jawo tsatsa, wata rana bututun ya huje, ruwa ya shiga man giya. Alamarsa ita ce man ya koma kamar an gauraya shi da madara. Motar da ta kai wannan hali ajiye ta ake yi nan take.

Matakan bincike, daga mai araha zuwa mai tsada

Matakin farko shi ne auna man a fili mai daidai, bayan mota ta ɗauki zafi. A yawancin Toyota ana aunawa inji na aiki, giya tana kan P. A tsofaffin Honda kuwa sai an kashe inji, a auna cikin minti ɗaya ko makamancin haka. Rashin sanin wannan bambanci yana sa a cika man fiye da ƙima, ya yi kumfa, giya ta riƙa zamewa. Mai lafiyayye ja ne garau. Wanda ya yi duhu yana warin ƙuna ya gama aiki.

Na biyu shi ne irin man. Ba duk jan mai ne ɗaya ba. Tsofaffin Toyota da dama na amfani da T-IV, na bayansu kuma WS. Honda na da Z1, wanda DW-1 ya maye gurbinsa. Dexron na General Motors ne, Mercon na Ford. Motocin da ke da giyar CVT, irin ta Nissan da yawa, man nasu daban ne kwata-kwata, kuma zuba musu jan mai na yau da kullum yana kashe giyar. Sau da yawa sunan man na rubuce a jikin sandar awo.

Na uku shi ne yadda ake canza shi. Kwance noti a tsiyaye man yana fitar da kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi ne kawai, sauran na maƙale a ciki. Shi ya sa ake tsiyayewa a zuba sabo, a yi 'yar tafiya, a maimaita har sau uku. Idan giyabos ɗin na da farantin ƙasa, a kwance shi, a wanke maganaɗisun da ke ciki, a sauya filta. Laushin baƙin gari a jikin maganaɗisu ba abin tsoro ba ne, amma ɓurɓushin ƙarfe mai ƙyalli alamar ci ce ta ciki. Ga motar da ke aikin lodi a ƙasa mai zafi, ana ba da shawarar canji duk bayan kilomita 40,000 zuwa 60,000. Giyar da ta riga ta fara zamewa, man kuma ya ƙone ƙurmus, wankin ƙarfi da na'ura na iya ƙarasa ta.

Na huɗu shi ne sanyaya: wanke fuskar lagireto, tabbatar da fanka na tashi, da zuba ruwan lagireto na gaskiya mai maganin tsatsa. Motar haya tana amfana ƙwarai idan aka ƙara mata ƙaramin lagireton man giya a gaba.

Na biyar shi ne lantarki. Tun 1996 doka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka su zo da mahaɗar bincike ta OBD-II, wadda ake jona wa na'ura ta karanto laifi. Lambobin da suka fara da P07 galibi na giya ne. Motar da ta maƙale a giya ɗaya ta ƙi canzawa, sau da yawa kwamfutarta ce ta kulle ta don kariya, saboda sansar gudu ko solenoyid ko waya da ta lalace. Batir mai rauni ma yana rikita canji. A motocin da suka fi tsufa, wayar ƙarfe da ke haɗa totur da giyabos ce kan saki, kuma daidaita ta aikin 'yan mintuna ne. Haka nan ƙarar buguwa lokacin sa D ko R takan fito ne daga robar da ke riƙe inji idan ta yage.

A Amurka ana sayar da wasu ƙananan kayan sauya bawul don canji ya ƙara kaifi, kuma kasuwa cike take da ruwan ƙari da ake tallata cewa yana hana zamewa. Babu ɗayansu da ke mayar da faifan da ya riga ya cinye. Idan an bi matakan nan duka inji na ci gaba da kuka mota ba ta ja, to sai buɗe giyabos ko sayen na gwanjo a kasuwa irin ta Ƙofar Ruwa. Mai saye ya dace ya daidaita lambar giyabos da ta motarsa, ya kuma nemi wa'adin gwaji a gaban shaidu kafin ya biya.

Hannun direba

Mota ta tsaya cak kafin a sauya daga D zuwa R. A yashi, ko hawa da kaya, a yi amfani da 2 ko L. Idan giya na ta kai da komo tsakanin ta uku da ta huɗu saboda nauyi, a danna maɓallin O/D ya kashe ta saman. Irin wannan mota ba ta tashi da turi, kuma jan ta da igiya tafiya mai nisa, tayoyin da ke ja suna ƙasa inji a kashe, yana ƙona giyar saboda famfon mai ba ya aiki.

Inda hukuma ta shigo

Duk kiyayewar mai mota tana iya tashi a banza idan man da ya saya jabu ne. Sa ido kan ingancin kaya aikin hukumar SON ne, lasisin masu haɗa man inji da na giya kuma yana hannun NMDPRA, wadda aka kafa bisa dokar man fetur ta 2021. Hukumar NADDC ita ke da shirin horar da kanikawa kan motocin zamani. Na'urorin bincike da ƙwararrun giyar otomatik sun fi taruwa a cikin birnin Kano, shi ya sa mai mota daga Kunci ko Tsanyawa yakan biya kuɗin ja da na kwana kafin ma a gaya masa abin da ya lalace. Sau nawa jami'an waɗannan hukumomi ke leƙa shagunan mai da garejojin ƙananan hukumomi, tambaya ce da mazauna yankin ke da haƙƙin yi wa wakilansu.

Kafin a kai ga haka, mai mota na iya kare kansa da abu uku: ya sayi mai a rufaffiyar galan daga dillali sananne, ya tsaya a buɗe ta a gabansa, ya kuma rubuta kwanan wata da lambar kilomita a duk ranar da aka canza.