Maraɗi tsakanin Sakkwato da teburin Turawa

Mutanen Maraɗi da Tasawa da ke hada-hadar shanu a Oko-Oba ta Agege a Legas takardun wata ƙasa, wato Nijar, suke riƙe da su, alhali bakinsu da na Bakatsine kusan ɗaya ne. An saba cewa Turawa ne suka ja layi suka raba dangi. Haka ne, amma a wannan yanki layin ya bi sawun wata tsohuwar gaba da ta girmi zuwan Bature, wato ƙin da Maraɗi ta yi na bin Sakkwato.

Bayan Ummarun Dallaje ya ci Birnin Katsina a 1807, zuriyar sarakunan Haɓe suka yi arewa, har Ɗan Kasawa ya kafa kujerarsa a Maraɗi wajen 1819. Har yau sarautar Sarkin Katsina ake kiranta, domin gidan bai taɓa yarda ya rasa gadonsa ba. Daular Sakkwato da ke makwabtaka da su ta fi su dakaru da ƙasa nesa ba kusa ba, kuma ta nuna hakan a Gawakuke a 1836, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karya rundunar Gobirawa da Maraɗawa da Buzaye, aka kashe Sarkin Gobir Ali da Rauda na Maraɗi. Duk da haka garin Maraɗi bai faɗi ba. Gobirawa suka sake zama a Tsibiri, dab da Maraɗi, kurmin gulbi ya zama garkuwar da doki ba ya ratsawa da sauƙi, kuma a zamanin Sarki Ɗan Baskore na Maraɗi hare-haren nasu sun kai can cikin ƙasar Katsina. Ba wata daula ta nesa da ta tsaya musu. Ƙawance da daji da taurin kai ne suka riƙe su.

Wani zai ce wannan rikicin gadon sarauta ne tsakanin 'yan gida ɗaya, bai kai a kira shi kare 'yancin ƙasa ba. Amma gari mai sarkinsa da fadawansa, mai karɓar harajinsa, mai ƙulla amana da yaƙi yadda ya ga dama na kusan shekara 80, me ya rage masa? Turawa ma da wannan ma'auni suka yi aiki. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1890 ta ja layi daga Say a bakin Kwara zuwa Barruwa a tafkin Chadi, da sharaɗin duk abin da yake na Sakkwato ya faɗa ɓangaren Ingila. Nan take tambayar ta zama: ina ikon Sarkin Musulmi ya tsaya? Faransawa, musamman bayan tafiyar hafsansu Monteil a yankin, suka dage cewa Maraɗi da Gobir ba sa bin Sakkwato, Damagaram kuwa dama can da Borno take da alaƙa.

A nan ne ake iya ruɗuwa a ɗauka Faransa ta tsaya wa mai ƙaramin ƙarfi. Hanya take nema. Yarjejeniyar 1898 ta zana baka mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato, ta bar wa Faransawa hanyar Zinder ta Damagaram da ba rijiyoyi. Sai a 1904 Ingila ta yarda ta matsar da layin kudu, kuma cikin abin da Faransa ta bayar a musaya har da gatan musamman da masuntanta ke da shi a gaɓar Newfoundland, can gefen Kanada. Makomar Maraɗi ta shiga ciniki ɗaya da kifin tekun da babu Bamaraɗen da ya san sunansa, kuma ba a tambayi kowa a fada ba.

Irin riƙon da ke jiran waɗannan garuruwa ya bayyana tun 1899, lokacin da ayarin hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine ya ƙone Birnin Ƙonni. A 1906 kuma, shekarar da aka sa hannu kan yarjejeniyar da Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila suka bi suna kafa turakun iyaka, Faransa ta tuɓe Sarkin Damagaram Amadu Ɗan Basa bisa zargin shirya tawaye, ta fitar da shi daga ƙasarsa.