Aminu Ala (Alan Waƙa), Sarkin Waƙar Dutse

Aminu Ladan Abubakar, wanda aka fi sani da Aminu Ala ko Alan Waƙa, marubuci ne kuma mawaƙin Hausa da aka haifa a unguwar Yakasai cikin birnin Kano a shekarar 1973. Yana riƙe da sarautar Sarkin Waƙar Dutse a Jihar Jigawa. Ana lissafa shi a sahun gaba na mawaƙan zamani masu cin gashin kansu, waɗanda ke tsara waƙarsu da alƙalaminsu, su rera ta da bakinsu, su kuma fitar da ita ta hannun kamfaninsu.

Daga alƙalami zuwa makirfo

Ala ya fara suna ne a fagen rubutun ƙagaggun labarai, lokacin da adabin kasuwar Kano ke tashe. Cikin littattafansa akwai Jirgi Ɗaya Ke Ɗauke Da Ni, da Baƙar Aniya, da Cin Zarafi. Wannan horo na marubuci ya biyo shi har cikin waƙa, shi ya sa baitocinsa ke zuwa da amsa-amo da jerin tunani irin na rubutacciyar waƙa.

Kafin zamaninsa, waƙar Hausa tana tafiya ne a hanyoyi biyu. Akwai makaɗan baka irin su Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo da Mamman Shata, masu kiɗa da 'yan amshi. Akwai kuma malamai marubuta irin su Sa'adu Zungur da Aƙilu Aliyu, waɗanda waƙarsu ba ta buƙatar ganga. Ƙasar Jigawa ta ba da gwanaye a duka ɓangarorin: Mu'azu Haɗeja a rubutacciyar waƙa, Haruna Uji kuma a kiɗan gurmi. Abin da Ala ya yi shi ne ɗora waƙar malamai a kan kiɗan fiyano na ɗakin ɗaukar sauti, ya kai ta kunnen direban tasi da matar aure a tsakar gida.

Cin gashin kai

A lokacin da ya shigo fagen, yawancin matasan mawaƙa a Kano suna rayuwa ne a inuwar finafinai. Mai shirya fim zai sayi waƙa, jarumi ya hau kanta yana motsa baki, jama'a su riƙe sunan jarumin su manta da mai muryar. Ribar kuwa takan tsaya a hannun dillalan kaset da faifan sidi na kasuwar Ƙofar Wambai. Ala ya zaɓi fitar da kundin waƙoƙi da sunansa, ya kuma kafa kamfaninsa mai suna Taskar Ala a Kano domin ɗaukar sauti da adana ayyukansa.

Jigoginsa sun zarce soyayya, wadda ita ce ta mamaye waƙoƙin fim. Waƙar Jami'a ta taɓo rayuwar ɗalibai da malamansu, har ta shiga bakin 'yan makaranta a faɗin Arewa. Baubawan Burmi ta yi kuka a kan mugun shugabanci da sakacin masu zaɓe. Shahara ta bi tarihin mashahuran ƙasar Hausa domin tunatar da masu tasowa. Bakan Dabo kuma waƙar fada ce da ya yi wa Sarkin Kano Ado Bayero.

Takaddamar 2009

An kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano a 2001, ta kuma tsananta aikinta daga 2007 ƙarƙashin Abubakar Rabo Abdulkarim, a gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau. A wannan yanayi ne Ala da wasu abokan sana'arsa suka rera Hasbunallahu, waƙar addu'a da kai kuka ga Allah. A 2009 aka haramta ta tare da wasu waƙoƙi, aka kuma kama Ala a watan Yuli bisa zargin sakin waƙar da ba a tace ba, daga baya aka ba da shi beli. Haramcin bai tsayar da waƙar ba, domin matasa sun riƙa tura wa juna ita daga waya zuwa waya. Wannan lamari ya nuna cewa kasuwar waƙa ta fara suɓucewa daga hannun dillali da hukuma, ta koma aljihun mai sauraro.

Alaƙarsa da Dutse

Dutse ta zama babban birnin Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, sa'ad da aka ciri jihar daga tsohuwar Jihar Kano. Fadar masarautar tana Garu, inda Sarki Nuhu Muhammadu Sanusi ya yi mulki daga 1995 har rasuwarsa a 2023. A zamaninsa ne masarautar ta naɗa Ala Sarkin Waƙa. An kuma naɗa shi wasu sarautun, ciki har da Ɗan Amanar Bichi.

Wannan naɗi yana da ma'ana a tarihin waƙar Hausa. A da, fada ce ke rainon makaɗi: Narambaɗa ya yi sunansa ne a gindin Sarkin Gobir na Isa Amadu, ci da sha da sutura duk daga ubangida. A wajen Ala al'amarin ya juya, domin jama'a ne suka fara ɗaukaka shi, sannan fada ta kira shi ta naɗa masa rawani.

Matsayinsa

Manazarta a sassan Hausa na jami'o'in Arewa sun yi nazarce-nazarce a kan salonsa da jigoginsa. Matasan mawaƙa na Dutse da Kiyawa da Birnin Kudu, waɗanda yau ke ɗora waƙoƙinsu a YouTube da Audiomack, suna fama da matsalar da ya sha fama da ita, wato satar fasaha da ƙarancin abin da ke dawowa hannun mai waƙa. Darasin da tarihinsa ya bar musu shi ne su ƙware a harshe, su rubuta abin da zai daɗe, su kuma riƙe mallakar aikinsu, domin waƙar da aka sayar da haƙƙinta ranar da aka rera ta, wani ne zai ci moriyarta har tsufan mai ita.